Kamfanin 'yar yayata ko na cikin waya: ina zan zuba kuɗin tsufana?

Assalamu alaikum Hajiya, ina gaisuwa da fatan alheri. Shekarata 43, ina zaune a Aboabo, ina sayar da yadi da mayafai a kasuwar Kejetia. 'Ya'yana huɗu, maigidana direban babbar mota ne mai zuwa Bawku. Tun ina budurwa nake adashi, amma kuɗin adashi ba ya kwana a hannuna: ina kwasa, biki ko kuɗin makaranta zai lashe shi. A 2019 wani kamfanin ajiya da nake zuba wa kuɗi ya rufe, sai da na sha sintiri kafin na ga wani abu daga cikin gumina. Tun daga lokacin, ko fom aka miƙo mini sai gabana ya faɗi.

Yanzu gwiwoyina sun fara ciwo, na soma tunanin ranar da zaman shago zai gagare ni. Ina so in riƙa ware sidi 300 duk wata don fansho. 'Yar yayata, wadda a bayana ta girma, ta samu aiki a wani kamfanin fansho tana yi wa 'yan kasuwa rajista. Ta ce duk wata za ta zo shago ta tuna mini, in wata matsala ta taso ita za ta bi mini. Da na tambaye ta nawa suke cira, sai ta ce, "Inna, ai ba ya wuce abin da hukuma ta yarda," ta kawo wani zance. Babban ɗana kuma ya samo wani kamfani a waya, ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ake biya, tallarsu ta ce kashi 1.5 kawai suke cira. Ya ce na yarinyar zai kai 2.5, in na shiga can na yi asarar banza. To amma sau uku ina kiran lambar kamfanin nasa: biyu ba a ɗauka ba, na ukun wata ta ɗauka ta yi ta zuba Turanci har kuɗin wayata ya ƙare. Maigida kuwa cewa yake duk kuɗin ruwa ne, gara in tara in sayi fili. Yayata har ta fara yi mini godiya a gidan suna, kamar na riga na shiga. Hajiya, ba na son in kunyata yarinyar, ba na son in zama wawuya a idon ɗana, ba na kuma son abin da ya same ni ya sake samuna. Ina zan sa kaina?

Maman yara, Kumasi

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sauwaƙe ciwon gwiwa, ya ƙara wa shago albarka. Kafin mu taɓa lissafi, ki daina ganin laifin kanki a kan faɗuwar gaban nan. Ba ke kaɗai 2019 ta ƙona ba. A watan Mayu na shekarar Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da lamuni 347, a Agusta ya bi da wasu manya 23, a Nuwamba kuma hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta soke na kamfanonin juya kuɗi 53. Da wuya ki zaga layi guda a kasuwa ba ki tarar da wadda abin ya shafa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Tsoron nan naki ma zai yi mana amfani, don shi zai sa ki yi tambayoyin da wasu ke jin nauyin yi.

Amma ki sani ginin fansho daban yake da na kamfanin da ya rufe da kuɗinki. Dokar fansho ta 2008, wadda ake kira Act 766, ta kasa tsarin hawa uku. Na farko shi ne SSNIT, asusun fansho na ƙasa da ke ƙarƙashin gwamnati. Na biyu na masu albashi ne, kuma dole ne a kansu. Na uku na ganin dama ne, shi ne wanda 'yarki da ɗanki ke janki zuwa gare shi, kowa ta ƙofarsa. A wannan hawa, kamfanin da sunansa ke jikin fom, wato amintaccen da ke riƙe da rajistarki, ba shi ke kwana da kuɗin ba. Kuɗin yana wurin wani banki daban mai aikin ajiya, wani kamfani na uku ne ke juya shi, NPRA kuma, wato hukumar kula da harkar fansho ta ƙasa, tana sa ido a kansu duka. An raba hannuwan ne don ko amintaccen ya durƙushe, kada kuɗin jama'a ya bi shi. NPRA tana fitar da sunayen kamfanonin da lasisinsu ke da rai, tana kuma da ofis a nan Kumasi. Sunaye irin su Enterprise Trustees, Petra Trust, Axis Pension Trust, Glico Pensions da People's Pension Trust an daɗe ana jin su a wannan harka, amma kada jin suna ya ishe ki, domin lasisi sabunta shi ake yi, jerin bana za ki duba. Ɗanki ya buɗe miki shi a wayarsa ki ga sunan kamfanonin biyu da idonki. Wanda babu sunansa, magana ta ƙare, ko da kyauta ya ce zai yi miki aiki.

Yanzu ga batun cira, wanda shi ya raba kan gidanku. Amsar da yarinyar ta ba ki gaskiya ce, amma gaskiya ce a lulluɓe. NPRA ta ƙayyade cewa abin da za a cira a shekara kada ya haura kashi 2.5 cikin 100 na kuɗin da ke kwance a asusu: na amintacce kada ya wuce 1.33, mai juya kuɗi 0.56, bankin ajiya 0.28, ita hukumar kuma 0.33. Wannan iyaka ce aka gindaya. Kamfani yana iya tsayawa a kanta, yana iya sauka ƙasa. Ke da kike ciniki kullum, a ce mai saye ya tambaye ki nawa ne yadi kika ce masa "ba ya wuce na kasuwa," ai zai gane ɗayan biyu: ko kina ɓoye farashi, ko ke ma ba ki san shi ba. Ni na fi zaton na biyun ne ya sami 'yarki. Sabuwar ma'aikaciya ce, ta iya cika fom, ta iya lallashi, ta ji kunyar ce wa innarta "ban sani ba."

Shi ma ɗanki kada ya yi saurin buga ƙirji. 2.5 ɗin da ya liƙa wa kamfanin yarinyar, iyakar hukuma ya ɗauko, bai ga takardarsu ba. Shi kuma 1.5 na talla, wa ya ce masa ya haɗa kason kowa? In na banki da na hukuma ba sa ciki, 1.5 ya zama 2.11 ke nan, tazarar da ake ta hayaniya a kanta ba ta ma kai rabin kashi ɗaya ba. Tambaya guda za a yi wa kamfanonin biyu, kuma a rubuce ake son amsa: in ina da sidi 10,000 a asusuna tsawon shekara, sidi nawa za su fita in an haɗa na kowa? Mai 2.5 zai ce 250, mai 1.5 na gaskiya zai ce 150. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Wanda ya fara kwana-kwana a kan wannan tambaya ya nuna miki halinsa tun da wuri.

Mu ɗauka ɗanki ya yi daidai, tazarar kashi ɗaya ce cif. Na zauna na buga lissafin da adadinki. Sidi 300 a wata, 3,600 ke nan a shekara. Daga 43 zuwa 60 shekara 17 ce, kin zuba 61,200. Mu ƙaddara, don misali kawai, kuɗin yana haihuwar kashi 12 duk shekara kafin a cire komai, kuma zubin kowace shekara yana shiga a ƙarshenta. A wurin mai cire 2.5 za ki tashi da wajen sidi 139,000. A wurin mai cire 1.5, wajen 153,000. Tazarar ta haura 13,000, kusan zubin shekara huɗu. Don haka yaron bai yi ƙarya ba. Kashi ɗaya a baki kamar ba komai ba, amma ita cirar shekara ba a kan sabon zubi kaɗai take sauka ba, a kan duk abin da ya taru ne, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Tulun yana cika, ludayin da ake ɗiba da shi yana ƙara girma.

To nan lissafinsa ya tsaya, nawa kuwa ya ci gaba. Ki ɗauka kin shiga mai rahusar, amma babu mai zuwa shago ya tsaya miki a ka. Azumi ya zo da hidimarsa, kika ce bari sai bayan salla. In wata ɗaya tal kike tsallakewa a kowace shekara, abin da za ki tara ya sauko wajen 140,000, kun yi kunnen doki da mai tsadar. In wata uku ne, na azumi da na layya da na komawa makaranta, kin faɗo ƙasa da 115,000, mai tsadar ya tsere miki da fiye da 24,000. Ke da bakinki kika ce kuɗi ba ya kwana a hannunki. Ba gori nake miki ba, halin yawancinmu ne, shi ya sa adashi ya rayu a zango tun kaka da kakanni: ba ya ƙara ko kwabo, kunyar uwar adashi ce ke sa mu zuba. Mai susu da ke zaga kasuwa da ɗan littafinsa, zubin rana ɗaya yake ɗauka a wata, sama da kashi 3 ke nan, kuma ba mu cewa ya cuce mu, don mun san ƙafarsa muke biya. Saboda haka zuwan yarinyar shago abu ne mai daraja, har ana iya yi masa kuɗi. Abin dubawa shi ne ko darajar ta kai abin da za a caje ki, da kuma ko zuwan zai ɗore.

Ki kuma tambaya ko akwai wata cira ta daban: abin da ake ɗiba daga kowane zubi tun kafin ya shiga asusu, da sunan ladan tattarawa ko cajin MoMo, da abin da ake riƙewa ranar fitar da kuɗi. Kamfanin da ke tura mutane kasuwa, dole daga wani wuri yake biyansu. A nan kada girman lamba ya ruɗe ki. In aka ce ana ɗibar kashi 5 daga kowane zubi, sidi 15 ne cikin 300, sau ɗaya ake ɗauka, a ƙarshe kuma wajen 7,000 zai rage miki cikin 140,000. Kashi ɗayan nan na shekara-shekara ya kusa ninka shi ciwo. In wani ya ce miki abin da aka zaftare E-levy ne, wato harajin tura kuɗi ta waya, ki tuna masa an soke wannan haraji tun watan Afrilu na 2025.

Ban da cira, ki nemi kowannensu ya nuna miki abin da asusun ya haifa a shekaru biyar da suka wuce, bayan an cire komai. Ki ajiye wannan kusa da tsadar kaya. A Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1, asusun da ya ƙaru da kashi 20 a irin wannan shekara, a takarda ya yi ƙiba, a kasuwa ya rame. Ba sai na gaya miki ba, kin san nawa kike saro bandir a 2021 da nawa kike saro shi yanzu. A watan ne kuma gwamnati ta shigo da sake fasalin bashin cikin gida. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar yajin aiki aka tsame kuɗin fansho, sannan a 2023 aka dawo aka yi musu nasu tsarin musayar daban. Na kawo wannan ne don ki san fansho ma yana da nasa haɗarin, kuma yawancin kuɗin fansho a ƙasar nan gwamnati ake ba bashi. Kamfanonin biyu kusan a rijiya ɗaya suke ɗiba, shi ya sa bambancinsu ya fi fitowa a cira da kuma yadda suke mu'amala da mutane.

Kira ukun da kika yi ba ƙaramin bincike ba ne. Kamfani ya fi fara'a lokacin da yake neman kuɗinki; in a lokacin zawarci ba a ɗaukar waya, ina ga an ɗaura? Sai dai a yi musu adalci: su kin gwada su, kamfanin yarinyar kuwa ba ki gwada shi ba sam, yarinyar kika gwada. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki. Alkawarin shekara 17 za ki ƙulla. Yarinya ce, gobe tana iya yin aure ta koma Tamale, ko ta samu aikin da ya fi wannan. Ranar da za ki fi bukatar kamfanin, ranar karɓa, ko ranar da ba kya nan 'ya'yanki ke bin haƙƙinki, ba lallai tana wurin ba. Don haka ki kira lambar ofishinsu kamar baƙuwa, kada ki ambaci sunanta, ki ce a haɗa ki da mai jin Hausa ko Twi, ki ga yadda za a yi da ke. Ki sake kiran na wayar ma da safe a ranar aiki, da wannan bukatar. Wanda yake da ofis a Kumasi, ki taka ki je, ki zauna a benci rabin awa kina kallon fuskar masu fitowa. Ki tambaya ko duk zubi saƙo zai shigo wayarki nan take, ko za ki iya duba asusunki da ƙaramar waya ba sai mai intanet ba, ko takardar bayanin asusu tana nuna abin da aka cira da sidi ba da kashi kawai ba, kwana nawa kuɗi ke ɗauka kafin ya fito, ko magada sai sun je Akra, da yadda ake ɗauke asusu a mayar wani kamfani in zama bai yi daɗi ba. Wanda ya fi duk wannan: ki nemi mace ko da ɗaya a kasuwa da ta taɓa fitar da kuɗinta daga kowane kamfanin. Mai zubi ba ta da labari tukuna, wadda ta karɓa ce ke da shi.

Abu guda kuma ba na sassauci a kansa. Duk inda kika shiga, kada kuɗinki ya bi ta hannun mutum ko ta lambar MoMo ta wani, ko da 'yarki ce. Ki tura da kanki zuwa lambar kamfani, saƙo ya shigo da sunanki. Ba zarginta nake ba, kare ta nake: ranar da sidi 300 ya ɓace tsakanin jakarta da ofis, ko da kuskuren wani ne, zumuncin shekara da shekaru ne zai biya.

Yadda za ki yi da ita kuwa, ki kira ta gida, ba shago ba, ba kuma gaban ɗanki ba. Ki ce mata, "'Yata, ina son in shiga ta hannunki, amma kin san abin da ya same ni. Karɓo mini takardar cirarku daga ofis mu karanta tare." Ki tambaye ta cikin raha yadda ake biyanta: kamashon rajista ne sau ɗaya, ko duk wata tana samun wani abu daga zubinki? In sau ɗaya ne, kin san zuwanta shago na ƙauna ne, ba wajibin kamfani ba. Wannan zama taimakonta ne ma, domin matan Kejetia da za ta tara nan gaba ba za su raga mata kamar innarta ba, gara ta koyi amsar a ɗakinki. Ita kuwa Yaya, godiyar da take yi tun ba ki shiga ba igiya ce mai laushi, irin ta manya, kuma na tabbata son 'yarta ne ya sa. Ki same ta ku biyu ki ce, "Yaya, kuɗin tsufana ne, ina kan bincike. In na shiga alhamdulillahi, in ban shiga ba, ba 'yata na ƙi ba." Nauyin minti biyar ne. In kika yi shiru kika shiga don kunya, duk watan da kika ga an cira sai kin tuna fuskarta.

Ɗanki ki gode masa, ya yi abin da ɗa nagari ke yi. Ki ba shi aikin rubuta amsoshin kamfanonin biyu gefe da gefe a takarda ɗaya. Amma asusun da sunanki za a buɗe, da layin da aka yi wa rajista da Ghana Card ɗinki, lambar sirri kuma a kanki kaɗai. Matar da ta riƙe shago ta raini huɗu ba wawuya ba ce don ta ce sai ta ji muryar mutum kafin ta ba da kuɗinta.

Maganar maigida ba ta yarwa ba ce. Ba zan rufe ki ba: bashin da ake ba gwamnati da ruwa take biya, kuma daga nan kaso mai yawa na ƙaruwar ke fitowa. Duk wakilin da ya ce miki babu ruwa a ciki, ya nuna a takarda inda ake juya kuɗin. Ni ba mai fatawa ba ce. Ku ɗauki takardar ku je wurin malamin da ku biyu kuka yarda da shi, wanda ya san harkar kuɗi ta zamani, ku tambaye shi a kan hawa na uku da kuma SSNIT, don tsarinsu ba ɗaya ba ne. Ki kuma tambayi kamfanonin ko suna da sashen da ba ya taɓa ruwa. 'Yan'uwanmu na Najeriya hukumar fanshonsu ta buɗe musu irin wannan asusu tun 2021, kuma sai an yi ta tambaya kamfanoni ke sanin akwai masu so. Fili kuwa dukiya ce, ban musa ba. Amma yawancin filayen Kumasi na sarauta ne, haya ce ta dogon zango, kuma kin sha jin fili ɗaya da masu shi biyu. Sai an bi ta Hukumar Filaye an tantance kafin a biya. Sidi 300 a wata zai daɗe yana bin farashin fili a baya, kuma ranar da kike neman kuɗin magani ba a yankar kusurwar fili a kai kemis. In shi yana da niyya, ku sa fili ya zama aikinku tare, daban da wannan.

Yanzu ga abin da babu wanda ya faɗa miki a cikin su huɗun, kuma shi ne mai gaggawa. SSNIT ba ta masu albashi kaɗai ba ce. Mai sana'ar kansa yana iya shiga, tun 2023 ma suke gangamin jawo 'yan kasuwa da shirin da suka kira SEED. Sai dai ba a karɓar sabon shiga da ya wuce shekara 45, ke kuma kina 43. Za ki faɗi abin da kike samu a wata, ki riƙa biyan kashi 13.5 nasa. Wanda ya cika wata 180, wato shekara 15, yana da fansho duk wata daga shekara 60 har ƙarshen ransa, farawa daga kashi 37.5 na matsakaicin samun da ya bayyana a shekaru uku mafiya tsoka, kowace shekarar da aka ƙara kuma tana ƙara 1.125. In kika ce sidi 1,500 kike samu, zubinki 202.50 ne, in kika cika shekara 17, lissafin yana ba da wajen sidi 596 a wata, kuma duk shekara ana duba fanshon a yi ƙari. Akwai fanshon nakasa in ciwo ya kwantar da mutum kafin lokaci, akwai kuma abin da ake ba magada. Tsakanin 43 da 60 wata 204 ne, rarar da kike da ita wata 24 ce kacal, kowane watan jinkiri daga cikinta yake fita. Ita ma SSNIT ba ta rasa masu suka ba: a 2024 an yi ta muhawara kan rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da ya yi gargaɗin ajiyarta na iya ƙarewa zuwa 2036 in ba a yi gyara ba, hukumar ta ce biyan fansho ba zai tsaya ba. Shi ya sa ba zan ce ki juye komai can ba. Amma kuɗin hawa na uku yana iya ƙarewa kina da rai, na SSNIT kuwa yana zuwa muddin kina numfashi.

Da ni ce ke, in malam ya ba da fuska, zan kai wajen 200 SSNIT, in sa sauran 100 a hawa na uku, in ƙara in kasuwa ta buɗe. Kin ga rigimar gidanku ta ragu zuwa sulusi: tazarar 13,000 ɗin nan ta koma wajen 4,500 a shekara 17. A kan wannan ɗarin, in takardar yarinyar ta nuna tazararsu da na wayar ba ta wuce rabin kashi ba, ofishinsu kuma ya amsa miki da mutunci ba tare da sunanta ba, ki shiga nata hankali kwance. In tazarar ta cika kashi ɗaya ga kuma ladan tattarawa a kai, na wayar kuma ya gyara halinsa a gwaji na biyu, yana da tsarin da zai riƙa cira daga MoMo da kansa duk wata, ki shiga can, ki yi wa 'yarki alheri ta wata hanya. In duka biyun suka faɗi gwaji, jerin NPRA yana da tsawo.

Wurin cika fom ki lura da abu biyu. Tsarin 'yan kasuwa yakan raba zubi gida biyu, asusun ritaya da asusun ajiya wanda ake iya taɓawa in ta ɓaci. Wanda ya ga gobarar Kejetia ta Maris 2023 da ta Adum ta Maris 2025 ya san amfanin na biyun, amma ke da halinki, ki sa kaso mafi girma a wanda ke kulle. Ki tambayi wata nawa ake jira kafin a taɓa na ajiyar, da harajin da ke hawa kan mai fitar da kuɗi kafin shekara biyar. Na biyu, gurbin magada: ki rubuta cikakkun sunaye kamar yadda suke a katinsu, ki sanar da maigida da babban ɗanki inda takardun suke, ki kuma tambayi malam yadda sunan da ke fom zai dace da rabon gado, don kada a bar wa yara rigima.

Ki fara da ofishin SSNIT a makon nan, da Ghana Card ɗinki a jaka, ko da tambaya kawai za ki yi ki dawo. In takardun kamfanonin biyu sun zo hannunki lambobin suka cakuɗe, ki aiko mini mu duba tare. Ki gaida Yaya, ki gaida maigida in ya sauka daga Bawku.